Kwana Goma Ana Musun Ƙwallo, Daga Kano Zuwa Jos

Ranar Juma'a 2 ga Fabrairun 2024, tun la'asar ba ta yi sanyi ba, benci ya fara cika a wani gidan kallo da ke bayan Ƙofar Mata a birnin Kano. Rumfar kwano ce da aka kewaye da langa-langa, talabijin uku a jere a gaba, janareta na ruri a waje. Da ƙarfe shida Najeriya za ta kara da Angola a Abijan, wanda ya ci shi ne zai je wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka. Mai wannan labari yana da ɗaurin aure a Kaduna, yana da ziyarar dangi a Jos, ya shiga rumfar ne don ya kalli wasa ɗaya kafin ya haɗa jaka. Musun da ya tarar a ciki sai da ya raka shi har kan duwatsun Filato.

A kan Victor Osimhen ake yin sa. Wani matashi mai sayar da kayan waya, wanda ya ce shi ɗan Chelsea ne tun zamanin Drogba, ya kafe cewa Osimhen ba ya tashe. Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta: mutumin da ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, ya kai Napoli ga kofin da ta shekara 33 tana nema, aka naɗa shi gwarzon Afirka a watan Disamba, ga shi wasa huɗu ƙwallo ɗaya tak, ita ma a ragar Ikwatoriyal Gini. "Ɗan gaba da ƙwallo ake sanin sa," in ji shi, "sauran duk labari ne."

Wani dattijo tela, da tsinken goro a baki da awon ɗinki rataye a wuya, ya juyo a hankali. "Ɗana, ranar Kamaru wa ya ƙwace ƙwallo a ƙafar ɗan bayansu ya miƙa wa Lookman? Fenaritin da Ekong ya ci Kodebuwa da shi, wa aka kayar?"

Abin da ya biyo baya ne ya sa matafiyin ya gyara zama. Matashin bai ɗaga murya ba, bai kuma ce dattijon bai san ƙwallon zamani ba. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Wannan kam haka ne, Baba. To amma ai matsalar ke nan. Idan shi ne mai ƙwato ƙwallo, shi ne mai gudu gefe, wa zai tsaya a bakin raga?" Telan ya gyaɗa kai ya ce yanzu aka zo wurin. Cikin minti biyu magana ta tashi daga kan ƙafar mutum ɗaya, ta koma kan tsarin José Peseiro, kocin nan ɗan Fotugal.

Tsarin ba ɓoyayye ba ne. A wasan farko Peseiro ya fito da 'yan baya huɗu, aka tashi 1-1 da Ikwatoriyal Gini, mutane suka ce ga irin ta nan, domin ba a manta da canjaras ɗin Lesotho da na Zimbabwe a watan Nuwamba ba. Daga wasa na biyu sai ya sauya. 'Yan baya suka koma uku, William Troost-Ekong a tsakiya, Semi Ajayi da Calvin Bassey a gefensa. Ola Aina da Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, suna hawa suna sauka a gefen fili. Frank Onyeka da Alex Iwobi su biyu kacal a tsakiya, sai mutum uku a gaba. Da zarar ƙwallo ta kuɓuce, 'yan baya su zama biyar, a rufe ƙofa a sa sakata. Da wannan aka ci mai masaukin baƙi Kodebuwa 1-0, aka ci Gini Bisau 1-0, aka ci Kamaru 2-0, ba wanda ya taɓa ragar Najeriya. Rabin rumfar na cewa hikima ce. Ɗaya rabin na cewa tsoro ne aka sa wa babbar riga.

Ba abin mamaki ba ne a ji irin wannan zance a bayan Ƙofar Mata. Filin wasa na Sani Abacha na nan kusa, gidan Kano Pillars, Sai Masu Gida, waɗanda suka ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009 har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya yi shekaru yana zaune a kan siminti yana kallon Rabi'u Ali na raba ƙwallo ya san abin da talabijin ke ɓoyewa, wato inda ɗan wasa yake tsayawa lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Mutanen nan sun kuma ɗanɗana abin da zafin kai ke jawowa. A 2022 rigimar 'yan kallo ta sa aka rage wa ƙungiyar maki, a ƙarshen kakar ta faɗa ƙaramar gasa, sai a 2023 ta dawo. Da wani yaro ya fara zagin uwar wani ɗan wasa kafin a take ƙwallo, mai gidan kallon ya nuna masa ƙofa da hannu, yaron ya ba da haƙuri ya zauna.

A kan mutum ɗaya ne kawai bakin rumfar ya zo ɗaya, shi ne mai tsaron gida Stanley Nwabali. Wata biyu kafin nan, yawancin masu kallo ba su san sunansa ba, ko da yake wasu sun tuna shi a ragar Katsina United kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu. Kowa kuma yana tune da ƙwallon Thomas Partey da ta wuce ta ƙarƙashin Francis Uzoho a Abuja cikin Maris na 2022, wadda ta hana Najeriya zuwa gasar duniya ta Ƙatar. Hatta masu cewa Peseiro matsoraci ne sun yarda cewa ɗauko golan da ba a sani ba a ba shi raga a babbar gasa ba aikin matsoraci ba ne. Wani ya faɗi haka da bakinsa, aka yi dariya, ya ce ai gaskiya ɗaya ce ko daga bakin wa ta fito.

An kira magariba ana tsakiyar zagayen farko. A minti na 41 Moses Simon ya tsallake ɗan bayan Angola a gefen hagu, ya mayar da ƙwallo baya, Ademola Lookman ya buga ta sama cikin raga. Kwanon rumfar ya amsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci aka shimfiɗa tabarmi a bakin titi, telan ne ya ja sallar, matashin mai kayan waya yana sahun farko. A zagaye na biyu Osimhen ya ci da ka, na'urar VAR ta ce satar gida ce. Aka tashi 1-0, kowa ya fita da ra'ayinsa, sai dai kowane ra'ayi ya ɗan rage kaifi.

Washegari da asuba matafiyin ya hau motar Sharon mai zuwa Kaduna a tashar Unguwa Uku. Daga Na'ibawa har Kura ba wanda ya ambaci ƙwallo. Zancen tsadar rayuwa ake yi: litar fetur da ta haura naira 600 tun bayan cire tallafi, kwanon masara, buhun fulawa da ya sa mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano cikin kwanakin nan. Sai da aka wuce Kwanar Ɗangora, hazo ya fara washewa, direban ya ce shi fa abu ɗaya ne ya sa shi barci mai daɗi jiya, kuma da Iwobi zai daina mayar da ƙwallo baya da barcin ya fi haka daɗi.

Amsar ta fito daga kujerar baya, daga bakin wata ɗaliba da za ta sauka a Zariya. Ta ce, "Malam direba, a Fulham ba nan yake bugawa ba. Can gaba ake sa shi, kusa da raga. Nan kuwa an ce ya tsaya ya tare, su biyu da Onyeka. Idan ya tafi yawo wa zai rufe ramin?" Wani ɗan kasuwa a gaba ya ce to a sa wanda aikinsa ne mana. Ta ce mai aikin shi ne Wilfred Ndidi, kuma ya ji rauni tun kafin a fara gasar. Direban ya yi tafiya mai nisa bai ce komai ba. Wajen Tashar Yari ya daki sitiyari ya ce, "Na gane. Lodin tirela aka ɗora wa ƙaramar mota." Da ta sauka a Kwangila, ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya ƙarama, Allah ya ba da sa'ar karatu, yau kin ƙara ni."

Matafiyin ya daɗe yana juya wannan a ransa. Namijin da ya kusa haifar yarinya, a cikin motarsa, a gaban fasinjojinsa, ya ce ta ƙara shi. Masu cewa musun ƙwallo ɓata lokaci ne da wuya su nuna wani fagen da ake samun irin wannan da sauƙi haka.

Kaduna gari ne da ke da bakin magana a harkar tamaula. A nan aka haifi Rashidi Yekini, mai ƙwallo 37 a rigar Najeriya, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro, waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, duk 'yan garin ne. Bayan an gama hidimar biki, abokin matafiyin ya kai shi wata majalisa a Tudun Wada, a gaban teburin mai shayi, inda ake fito da talabijin waje a ɗora a kan benci. Ranar Laraba ce, 7 ga wata, ranar Afirka ta Kudu a birnin Bouaké.

Shugaban majalisar, ko da yake ba wanda ya naɗa shi, wani tsohon ma'aikacin masaƙa ne da ya ga Yekini yana saurayi. Ra'ayinsa a kan Peseiro mai tsauri ne. Ya ce Najeriyar da ya sani, ta Clemens Westerhof a 1994, da 'yan gefe take kai kora, Finidi George a dama, a zuba wa Yekini ƙwallo ya ƙarasa. Ya ce ƙasar da ta tara Osimhen da Lookman da Simon da Samuel Chukwueze ba ta da dalilin zama a gida tana jiran kuskuren wani. Wani malamin firamare ya ce, "Allah ya ja da ran Baba, wancan ayarin yana da Sunday Oliseh a tsakiya, yana da Okocha. Wannan wa yake da shi?" Tsohon ya kurɓi shayi ya ce tambaya ce mai kyau, zai amsa ta bayan wasa.

Kafin a fara, wani ya kawo maganar da ta fi daɗe wa matafiyin a rai. Afirka ta Kudu ta Hugo Broos ta ginu ne a kan 'yan Mamelodi Sundowns, mutanen da suke atisaye tare kullum, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai gudu tun bai ɗaga kai ba. Najeriya kuwa, cikin duk ayarinta mutum ɗaya ne ke bugawa a gasar gida, Olorunleke Ojo na Enyimba, shi ma gola na uku. Aka tuno Stephen Keshi da ya tafi gasar 2013 da 'yan gida, Sunday Mba ya ci Kodebuwa, ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Wasu suka ce laifin masu horarwa ne da ba sa leƙa Kano ko Aba. Wasu suka ce a faɗi gaskiya, gasar da ake bin 'yan wasa bashin albashi, baƙo kuma ke shan wuya kafin ya ci wasa a waje, ba za ta riƙe gwani ba. Malamin firamaren ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba wanda ya musa.

Wasan ya zo da abin da ya gwada adalcin kowa. A zagaye na biyu aka kayar da Osimhen, Troost-Ekong ya ci fenariti. Saura kamar minti biyar a tashi, Osimhen ya tura ƙwallo ta biyu cikin raga, unguwa ta ɗauki ihu, yara suka bazama titi. Sai alƙalin wasa ya tafi wajen allon VAR. Aka soke ƙwallon, aka koma can ɗaya ragar aka ba Afirka ta Kudu fenariti, domin tun farkon harin Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a cikin da'ira. Teboho Mokoena ya farke. Daga 2-0 an koma 1-1 cikin ƙiftawar ido.

Alhassan Yusuf ɗan Kano ne, yana bugawa Royal Antwerp ta Beljiyam a lokacin, shi aka kira ya maye gurbin Ndidi, kuma ya burge mutane a wasan farko. A majalisar akwai wani Bakano mai sayar da yadi a kasuwar Barci, wanda ya miƙe tsaye ya rantse cewa zalunci ne, an ga ɗan arewa ne shi ya sa. Tsohon masaƙar ya ce, "Alhaji, zauna mu gani." Aka maimaita hoton sau uku. A na ukun mai yadin ya cire hula ya dafe kai ya ce, "Ya taɓa shi. Wallahi ya taɓa shi." Malamin firamaren ya ƙara da cewa yaron ya shigo daga benci ne cikin wasa mai zafi, ya koma taimakon gida da gudu, irin kuskuren mai ƙoƙari ne. Mai yadin ya karɓi wannan da hannu biyu, amma bai sake cewa an yi zalunci ba.

Aka yi ƙarin lokaci, aka ba Grant Kekana jan kati, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kowa na tsoron Ronwen Williams, wanda ya tare huɗu a wasansu da Cape Verde. Sai ga shi Nwabali ne ya tare biyu, na Mokoena da na Evidence Makgopa, Kelechi Iheanacho ya buga na ƙarshe aka tashi 4-2. Washegari jaridu suka ruwaito cewa wasu 'yan Najeriya sun yanke jiki sun rasu suna kallon wasan, Allah ya ji ƙan su. A daren dai, bayan ƙura ta lafa, tsohon ya cika alkawari. Ya ce wa malamin, "Ka yi gaskiya, ba mu da Oliseh. Amma ka ga yadda yaran Sundowns suka riƙa wuce mutum biyun nan? Ranar da muka haɗu da masu tsakiya uku ƙarfafa, za mu sha wuya." Malamin ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai.

Hanyar Jos ta Mararrabar Jos take bi, ta Pambeguwa da Saminaka, ƙasar masara, sannan ta fara hawa daga Jengre. Iska na sauyawa tun kafin a hango gari. Fasinjan da ya baro Kaduna da riga ɗaya sai ya fara laluben suwaita a jaka. A bakin hanya mata na tallar dankalin Turawa da kabeji da karas, duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su.

Jos ma tana da nata tarihin. Mighty Jets ce ta fara cin gasar ƙasa a 1972, Plateau United ta ci a 2017, a nan John Mikel Obi ya tashi. Garin ya sha rikici tun daga 2001, har unguwanni suka rabu, kowa ya san inda yake kwana da inda ba ya kai dare. Amma akwai sunaye biyu da ake ambata da alfahari iri ɗaya a Gangare da Bukuru da Tudun Wada, Ahmed Musa da Moses Simon, dukkansu haifaffun Jos, dukkansu sun bi ta makarantar ƙwallo ta GBS. A gidan kallon da ɗan'uwan matafiyin ya kai shi, kusa da titin Bauchi, akwai mai hula da mai sarƙar gicciye a benci ɗaya, kuma Hausa ce ke haɗa su.

A nan musun ya ɗauki wani launi, domin ya taɓa ɗan gida. Ahmed Musa shi ne kyaftin ɗin ayarin, ya fi kowa yawan buga wa Najeriya wasa, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, amma bai taka fili ko na minti ɗaya ba a gasar. Wani makanike ya ce wulaƙanci ne. Wani mai ɗaukar hoto, wanda ya ce yana son Musa kamar ɗan ɗakinsu, ya ce a raba soyayya da tashe. Lookman ya ci uku, Simon na cikin ganiyarsa, wa za a cire? Makaniken ya ce ko minti goma ne a ba shi don girmamawa. Mai hoton ya ce, "Yayana, minti goma a wasan da ake 1-0 ba kyauta ba ce, amana ce." Makaniken bai yarda gaba ɗaya ba, ya dai koma cewa gogewar Musa za ta yi amfani idan wasa ya rikice, wannan kuwa magana ce da za a iya tsayawa a kanta.

Da aka fito da jerin 'yan wasan ƙarshe ranar Lahadi 11 ga wata, sai ga Simon ma a benci, Chukwueze ne ya fara. Nan makanike da mai hoto suka koma gefe ɗaya.

Kodebuwar da aka tarar a filin Alassane Ouattara na Ebimpé ba ita ce wadda aka ci ranar 18 ga Janairu ba. Ikwatoriyal Gini ta yi mata 4-0, aka sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta tsallake rukuni ne kawai don Maroko ta ci Zambiya. Emerse Faé ya karɓa, ya dawo da Jean Michaël Seri tsakiya tare da Franck Kessié da Seko Fofana, suka fitar da Senegal, suka fitar da Mali da mutum goma, suka fitar da Kwango. Masu tsakiya uku ƙarfafa ke nan, irin waɗanda tsohon Kaduna ya ambata.

An take wasa ƙarfe tara na dare, sanyin Jos na ratsa bargo. A minti na 38 Troost-Ekong ya tashi sama ya ci da ka daga bugun kusurwa, gidan kallo ya girgiza. Amma ko a hutun rabin lokaci, masu ido sun ce wannan ƙwallo ba ta nuna yadda wasan yake ba. Najeriya ba ta iya riƙe ƙwallo, Osimhen na can shi kaɗai kamar an manta da shi, Simon Adingra na Brighton kuma ya mayar da gefen Ola Aina hanyarsa. A minti na 62 Adingra ya bugo kusurwa, Kessié ya farke da ka. A minti na 81 Adingra ya sake tsallake Aina ya kawo ta, Sébastien Haller ya sa tsinin takalmi ya karkatar da ita cikin raga. Haller ɗin da aka gano yana da ciwon daji a Yulin 2022, ya yi jinya ya dawo fili. Da aka busa tashi, 2-1, wani dattijo a bayan matafiyin ya ce cikin sanyin murya, "Allah ya ba wannan bawan nasa, ba za mu yi masa hassada ba."

Ba a watse nan da nan ba. Mutum kusan ashirin suka tsaya a bakin teburin mai shayi, hannu cikin aljihu, ana tone wasan. Wani ya ce Aina ne ya kashe mu. Aka tuna masa cewa Aina na cikin waɗanda suka fi kowa taka rawa a wasa shida, kuma a daren nan ba wanda ya zo taya shi tare Adingra. Wani ya ce Iwobi ne. Mai hoton ya ɗauki ƙwayoyin sukari biyar ya jera a kan tebur, uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen, ya ce, "Ga Kessié, ga Seri, ga Fofana. Ga Onyeka, ga Iwobi. Ka zaɓi wanda za ka bi, ka gaya mini wa zai bi na ukun." Mutumin ya kalli sukarin ya ce to me ya hana koci ƙara mutum a tsakiya tun da ya ga ana cin wuta? Mai hoton ya ce wannan ita ce tambayar, kuma shi ba shi da amsar da zai kare Peseiro da ita. Masu goyon bayan kocin suka ce tsarin nan dai shi ya kawo mu wasan ƙarshe, alhali kafin gasar ba wanda ya sa rai. Masu suka suka amsa cewa haka ne, amma tsarin da ba shi da na biyu, ranar da aka gane shi ya ƙare. Makaniken ya ce yau da an sa Musa, aka yi dariya mai ɗaci, shi ma ya yi.

Da safe, a tashar titin Bauchi, matafiyin na jiran mota ta cika sai wayoyi suka fara kawo wani labari. Dubban mutane sun yi wa Iwobi ca a Instagram da zagi da tsinuwa, har ya goge hotunan shafinsa. Ahmed Musa, wanda bai buga ko minti ɗaya ba, yana cikin waɗanda suka fito suka roƙi jama'a su daina. Abin ya yi wa matafiyin ciwo ƙwarai, domin cikin kwana goma ya ji an soki Iwobi a Kano, a cikin mota, a Kaduna da Jos, suka mai zafi wani lokaci, amma kullum akwai wanda zai ce tsaya, wane aiki aka ba shi, kuma mai sukar yakan tsaya ya ji. Masu zagin waya ba su da telan Ƙofar Mata a kusa, ba su da ɗalibar Zariya a kujerar baya, ba wanda zai jera musu sukari a kan tebur.

Ranar 13 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya karɓi ayarin a Abuja ya ba su lambar girma, Troost-Ekong ya dawo da kyautar gwarzon gasar, a ƙarshen watan kuma kwantiragin Peseiro ya ƙare ya tafi. Hukuncin mai wannan labari shi ne wanda ya tsinta a teburin mai shayi na Jos: Iwobi bai yi wasan kirki ba a daren 11 ga Fabrairu, amma mutum biyu aka tura su tare uku har kusan tashi, kuma wanda ya tura su ne ya kamata ya fara amsa tambaya.